Gwaggo Mai Guɗar 'Ya'yan Wasu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Gwaggo kuwa ta riga mu kama hanya. Ta cika da hantsin wata Talata cikin damina, ana yayyafi, a ɗakinta da ke gidanmu na Unguwar Sarki, aka kai ta makwancinta kafin la'asar. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Zaman makokinta ya nuna mini yadda baki ke riga tunani. Mace za ta shigo, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta ɗauko addu'ar da ta saba yi a kowane gidan rasuwa: Allah ya jiƙanta, Allah ya gafarta mata, Allah ya sa ta huta, Allah ya raya abin da ta ba... Nan sai ta tuna. Sai maganar ta maƙale mata a wuya, ta gyara mayafi, ta ce, “Allah dai ya ba ku haƙuri.” Ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba. Gwaggo ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta tattaro kwanukanta ta dawo gidan ƙaninta tun ina rarrafe. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda kukanta na gaskiya ne, ita ba ta tsaya a rabi ba. Ta ce, “Allah sarki, baiwar Allah ta tafi ba ta ga ƙwanta a duniya ba.” Na ce mata Allah ya ba da lada, don gidan makoki ba wurin sa-in-sa ba ne.

Maganar da ta ƙi haɗiyuwa ran sadakar uku ta zo. Malaman firamaren unguwarmu suka shigo a ƙungiyance, da hedimasta da shugaban kwamitin iyaye. Sun yi addu'a mai kyau, ina kuma gode musu har yanzu. Da suka tashi tafiya ina bayan ƙyauren soro ɗauke da kular abinci, wasu malamai mata biyu suna saka takalmi ba su gan ni ba. Ɗaya ta ce da ɗayar, “Allah ya jiƙan tsohuwa. Bana dai kunnuwanmu za su huta.” Ɗayar ta danne dariya cikin hijabi.

To ni ban yi dariya ba, saboda wannan maganar ma na zauna nake rubutun nan. Ga wanda bai san zancen ba, ga yadda yake. A ƙarshen kowace shekarar karatu firamarenmu tana taron rabon kyaututtuka. A kafa rumfa a fili, a jera kujeru, a gayyaci iyaye, a riƙa kiran sunan duk yaron da ya yi fice ta lasifika. Yaro ya taso daga layin ajinsu ya tako har gaban teburin manyan baƙi, ya karɓi abin da aka tanada masa, ko littafi ne ko bokitin roba. In uwarsa ko wata tasa tana wurin, tana jin sunan za ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, ta raka shi da ita har ya isa. In ba kowa, haka zai yi tafiyar nan shiru, sai ɗan tafin da malamai za su yi masa na fita kunya. Fiye da rabin rayuwarta Gwaggo ba ta bar yaro ya yi wannan tafiya shiru ba, alhali babu nata ko ɗaya a cikinsu. Abin da kunnuwa za su huta da shi ke nan. Taron bana kuwa saura 'yan makonni ne lokacin da ta rasu.

Da ni ta fara. Baba direban babbar mota ne, in ya kama hanyar kudu sai mu yi makonni ba mu gan shi ba, Inna kuma tana kulle, ba ta zuwa taro. Ina aji biyu na zo ta uku, aka kira sunana. Na miƙe, na waiga rumfar iyaye duk da na san ba kowa nawa, na kama tafiya, filin nan ya yi mini tsawo. Sai na ji an tsaga iska daga can baya, gindin darbejiya. Gwaggo ce, kibiyar kitso soke a ɗankwalinta, hannunta duk mai, ta baro wata mata a tsakar gidanmu da rabin kai a tsefe. Na isa teburin nan ina jin kamar da ni kaɗai aka yi taron.

Da ta gama nata da sai ta koma ga mai rabin kai. Amma wanda aka kira bayana ɗan wani lebura ne da suka zo daga Zamfara, ba kowa nasa a wurin. Ta ce ta ga yaron yana tafe kai sunkuye kamar wanda aka kama da sata, alhali na ɗaya ya zo a ajinsu. “Sai na ji kamar an kwaɗa mini mari,” in ji ta. Kafin ya kai teburi ta sake kama hanci. Ranar sai da aka tashi taro ta koma gida, matar nan kuwa ba ta sake kawo mata kanta ba.

Tana da ƙa'ida, ba kowa take yi wa ba. In aka kira suna sai ta ja numfashi ɗaya ta saurara. In wata ta ɗauka, ta yi shiru abinta. In ba a ɗauka ba, to ta faɗo hannunta. Wata matar ma'aikaci ta taɓa yi mata ƙorafi, wai ta yi wa ɗan mai tura baro ta ƙi yi wa nata. Gwaggo ta ce, “Ke ba ga ki ba? Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ni ta masu gaya nike.” In aka ce mata ai ana tafa wa kowa, sai ta taɓe baki. Ta ce tafi cewa yake ka yi ƙoƙari, guɗa kuwa cewa take kai namu ne, kuma yaro ya san bambancin tun kafin ya iya karanta sunansa.

Kitso ne sana'arta, ta nan kuma ta san makarantar ciki da bai. Kowace Juma'a a asambali ake faɗin kitson da 'yan mata za su zo da shi mako mai zuwa, yau shuku, gobe kalaba. Asabar da Lahadi tsakar gidanmu ba wurin aje ƙafa. Labarin makaranta kaf a tsakanin gwiwoyinta yake sauka: malamin da aka yi wa canji, ajin da rufinsa ke yoyo, ranar da za a zo rigakafi, wadda uwarta ta tafi wankan jego Katsina, wadda uwarta ke aikin ofis ba za a ba ta izini ba. Kafin waya ta shiga hannun kowa, iyayen da ba su iya karanta takardar makaranta gidanmu suke leƙowa. “Gwaggo, da gaske ne an ce a kawo tsintsiya?” “Gwaggo, yaushe ne hutu?” Ta ba su amsa ba tare da ta ɗaga kai daga kitso ba. Yarinyar da ta ga Lahadi ta yi yamma kanta a tsefe, ba mai yi mata a gida, ba ta tambayarta komai. Cafko ta take yi a bakin ƙofa ta dasa ta a gabanta.

Kada wani ya ɗauka waliyyiya nake zanawa. Hannunta da zafi, in ka motsa ta ƙwanƙwasa maka matsefi a tsakar ka. Ta yi shekaru ba ta magana mai daɗi da wata maƙwabciya a kan turmin da aka aro aka dawo da shi a tsage. Man shafawarta kuwa ko ni da take kira ɗiyarta ban isa in laƙata ba. Godiya ma faɗa take jawo mata. In uba ya zo washegari yana Allah ya saka, sai ta ce, “Godiyar mi? Maƙogwaron nawa ne, na ga dama ne. Baɗi ka ajiye keken nan ka zo da kanka.”

Rigimarta mafi tsawo da Baba ta yi ta. Da ya bar tuƙi ya zauna gida ya kama zuwa karatu, sai abin ya fara damunsa. Wata rana bayan ta dawo daga taro murya a dishe, ya same ta tana alwala, ya tsaya daga nesa kamar yadda ya saba, don duk furfurarsa bai taɓa zama kusa da ita ba sai ta ce ya zauna.

“Yaya, ina da magana.”

“Ina jin ka.”

“Wannan abin da kike yi a gaban maza, a makarantar boko, kan 'ya'yan da ba ki san iyayensu ba. Malamai sun ce muryar mace al'aura ce.”

Ta ƙarasa wanke ƙafa tukuna, ta ajiye buta. Ta ce, “Ran sunanka wa ya yi guɗa har aka ba shi ruwan zafi da kanwa? Ran da aka kawo uwar ɗiyan nan, wa ya yi?”

“Wannan cikin gida ne, Yaya.”

“To su waɗannan ba su da cikin gida a wurin. Kuma ni tsohuwa, muryar tawa wa za ta ɗauke wa hankali? Ko jaki ya ji ta gudu yake.”

Baba bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Mace ce mai azumin Litinin da Alhamis, ba ta wasa da maganar malamai, kuma na san maganar ta tsaya mata. Ta tafi da ƙafarta wajen malamin da take ɗaukar karatu a gidansa ta tambaya. Abin da ya ce mata ba ta faɗa mana ba, sai dai daga shekarar ta daina tsayawa kusa da rumfar maza, ta koma can ƙarshen layin mata, ta kuma ci gaba da abinta. Ita da Baba suka bar zancen a haka, kowa da ra'ayinsa, suna cin tuwo daga tukunya ɗaya.

Sai aka kawo wani sabon hedimasta, ya ce daga yanzu ba mai shiga taron sai da katin gayyata, katin kuma na iyayen yara ne kawai. Yana da dalilinsa, masu talla da 'yan sane sun fara yawa a wurin. Gwaggo ta saka hijabinta na zuwa unguwa ta same shi a ofis.

Ya ce, “Mama, ɗanki wane aji yake?”

Ta ce, “Wane aji ne babu ɗana?”

Ya yi dariya sosai, ya rako ta har bakin ƙofa, amma bai ba ta kati ba.

Ranar taro ta ce in ɗauko mata 'yar kujerar tsuguno. Lokacin na yi aure, na zo gida kwana biyu ne. Muka zagaya bayan makaranta, gefen kwata, inda katanga ta ɗan yi ƙasa kuma lasifika ke isowa. Ta hau kujerar, ba ta hango komai sai saman rumfa, amma ta ce kunne ya ishe ta. Suna, numfashi ɗaya, in shiru ta saki. Muna jin mutanen ciki suna dariya, wasu matan har suna amsa mata.

Can sai aka yi wata doguwar magana da Turanci, iska ta kwashe rabinta, lasifikar ta cinye saura. Abin da ya iso mana suna ne kawai, sunan wata yarinya. Sai wurin ya yi tsit. Ba guɗa, ba tafi, ko tari babu.

Gwaggo ta ce, “Kai! Wagga ko tafi ba a yi mata? Wace irin marainiya ce?” Ta cika ƙirji, ta kama hanci, ta saki wadda ban taɓa jin ta yi mai tsawonta ba.

Ba ta sauke ba sai ga maigadi ya zagayo a guje, hannu biyu a ka. “Mama, kin kashe mu! Yarinyar ta rasu! Shiru ake yi mata!”

Al'adar 'yan boko ce, in wani ya mutu a miƙe tsaye a yi masa shirun minti ɗaya. Gwaggo ba ta taɓa jin ta ba. Ta san an yi rashin wata yarinya a zangon, zazzaɓi ya ɗauke ta, har ta yi wa iyayen addu'ar haƙuri. Amma da sunan da ƙawayenta ke kiranta ta san ta, ba da dogon sunan da aka karanto ba. Yarinyar kuwa 'yar Kiristoci ce, mutanen kudancin Kaduna. Duk wanda ya zauna a garin nan na Kaduna ya san abin da ya faɗo mini a rai: tsohuwa da hijabi ta hau kujera tana guɗa an ambaci mutuwar 'yar Kirista. Mutane suka fara fitowa ta ƙofa. Na ce, “Gwaggo, mu tafi.”

Ta ce, “In tahi ina? Ni na yi ɓarna, ni zan tsaya.”

Ta sauko, ta tuɓe takalmanta ta ajiye gefe, ta jira. Mutane suka buɗe hanya, wata doguwar mata ta taho cikin fararen kayan asibiti da baƙin ɗankwali. Ba sai an faɗa ba, uwar ce. Gwaggo ta durƙusa a cikin caɓin nan, gaban matar da a shekaru ta isa ta haife ta.

“'Yar nan, ki yahe mini don Allah. Suna na ji, na ji shiru, na ɗauka ba ta da kowa.”

Matar ta dube ta. Da ta yi magana muryarta a ƙasa take, sai da na matso na ji. Ta ce, “Ita ce ta ɗaya a lissafi kafin ta kwanta. Tun da muka binne ta, kowa sannu yake ce mini. Ba wanda ya ce ta yi ƙoƙari. Na daɗe ina tanadin guɗar yau, sai aka ce in tashi in yi shiru.” Ta sunkuya ta kama hannun Gwaggo. “Tashi, Mama. Sake yi mata.”

Gwaggo ta miƙe, gwiwoyi duk taɓo, hawaye na zuba, ta sake yi. A tsakiya uwar ta shiga da tata. Ni dai na rufe fuska da mayafi na yi kukana, ban kuma damu da wa ke kallo ba. Da suka sauke, matar ba ta saki hannun ba. Tana da wani yaron a makarantar, don haka tana da kati. Ta ja Gwaggo har bakin ƙofa, ta nuna wa maigadi katin, ta ce, “Kakar yarana ce.” Ya matsa.

Da yamma Baba ya ji labari, ya zo ya same ta. “Yaya, kin ga abin da nake gudu? Garin nan da ashana ɗaya ake kunna shi.”

Ta ce, “Gaskiyarka. Na yi kuskure, na ba da haƙuri, an yahe mini. Baɗi ma zan je.”

Ta kuwa je, da baɗin da duk waɗanda suka biyo baya, kullum da katin matar nan da unguwa ta koma kira Mama Nas. Da ɗanta ya gama, ɗan ƙanwarta ya shiga, yanzu jikarta ce a ciki. Lokacin da danginta da yawa suka tattara suka koma ƙetaren kogi inda Kiristoci suka fi yawa, ita ba ta tashi ba. Ran Sallah tuwonmu na zuwa gidanta, ran Kirsimeti shinkafarta na zuwa namu, ita ce kuma ta riƙa zuwa tana duba jinin Gwaggo har ciwon ƙarshe. A zaman makoki ita kaɗai ce addu'ar ba ta maƙale wa ba. Ta durƙusa gaban Inna ta faɗe ta har ƙarshe, Ubangiji ya raya abin da ta bari, ta kuma ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji. Wasu matan suka kalli juna. Ni na ce amin da ƙarfi.

Ba a yi sadakar bakwai ba sai ga saƙo a guruf ɗin iyaye na waya, Mama Nas ta turo mini. Kwamiti ya zauna, ya yanke cewa bana ba guɗa a taro, tafi kawai, don a yi abu cikin tsari. Na tafi na sami hedimastan yanzu. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Ya ce, “Hajiya, ai don yaran muka yi. In ba a yi wa kowa ba, ba wanda zai ji an ware shi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin uwar da aka kira ɗanta na ɗaya ta tuna da kwamiti? Masu uwa za su sha guɗarsu ko kun so ko kun ƙi. Dokarku a kan marasa kowa kaɗai za ta zauna.”

Ya ce za a duba. Na san me ake nufi da za a duba, ni ma a ofis nake aiki.

Da na dawo na tarar da Baba a soro shi kaɗai, carbi a hannu, yana kallon ƙofar ɗakinta. Tun rasuwar bai cika magana ba. Na gaishe shi zan wuce sai ya ce, “Taron makarantar nan, ya kusa ko?”

Na ce, “Ya kusa, Baba.”

Ya ja carbi kaɗan. “To bana wa zai je?”

Mutumin da ya yi shekaru yana cewa a bari, shi ne ya yi wannan tambayar. Na dai ce ni za ni.

Matsalar ɗaya ce: ban iya guɗa ba. Gwaggo ta yi ta fama da ni tun ina budurwa har ta sallama, ta ce tawa kamar akuya ce ta haɗiyi leda. A bikin ƙannena ma tafi nake yi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kullum in na taso daga aiki zan koma Unguwar Rimi sai in ɗaga gilasan mota in kama hanci. Wata rana a cikin cunkoso wani mai keke ya ƙwanƙwasa mini gilashi, ya ce, “Hajiya, lafiya? Ko a kai ki asibiti?” Na ce masa lafiya lau, biki gare mu.

Ranar taron hadari ya haɗu tun safe amma bai zubo ba. Na biya na ɗauki Mama Nas, muka shiga da katin jikarta, muka zauna a ƙarshen layin mata. Shugaban kwamiti ya tashi ya maimaita dokar da Hausa da Turanci. Aka kira suna na farko, ɗan wata mai shago ne. Kafin a rufe baki uwarsa ta miƙe da ƙannenta biyu, suka ɗauki guɗa kamar an kawo amarya. Shugaban ya ɗaga hannu, ya ga ba mai kallonsa, ya sauke. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Malamar nan ta soro tana tsaye gefen teburi tana miƙa kyaututtuka, na ga ta haɗe rai.

Sai aka kira wata yarinya 'yar aji uku, ta ɗaya a Hausa. Ta taso daga layi, 'yar siririya, hijabinta ya koɗe, takalminta ya fi ƙafarta. Ta waiga rumfar iyaye sau ɗaya. Na san wannan waigen. Malamai suka yi ɗan tafinsu ya mutu, ta kama tafiya, ba abin da ake ji sai takalmin nan yana jan ƙasa.

Na kalli Mama Nas, don ita ta iya. Ta girgiza kai, ta dafa ƙirjinta, ta ce, “Nawa ba ya ɗauka yanzu. Tashi.” Ta sa gwiwar hannu ta zungure ni.

Na tashi. Na kama hanci. Abin da ya fito ba zan kira shi guɗa a gaban waɗanda suka san Gwaggo ba. Ya fara da kyau, ya karye a tsakiya, ya ƙare da tari. Wurin ya kwashe da dariya, har da manyan baƙi. Shugaban kwamiti ya nuna ni da takarda. Na dube shi ido cikin ido, na ja numfashi, na sake saki, wannan ta fi ta farko muni. Amma yarinyar ta tsaya cak. Ta juyo tana neman inda abin ya fito, ta gan ni tsaye ni kaɗai, sai ta ɗaga kai, ta ƙarasa tafiyarta tana murmushi. Ban zauna ba sai da ta karɓa. Bayan ita na yi wa wasu, har muryata ta tafi gaba ɗaya, wata mata da ban sani ba a layin gaba ta karɓe ni. Kunnuwan dai ba su huta ba.

Da aka tashi taro ina taimaka wa Mama Nas ta miƙe sai na ji an taɓa mini mayafi. Yarinyar ce, rungume da littafinta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce babanta keke yake ja a Mando, ya so zuwa, mamarta kuma ba ta da lafiya. Sai ta ɗago ta dube ni.

“Anti, ke 'yar'uwar mamata ce?”

Na ce mata e. Wanda ya ga ƙarya na yi ya kai ni ƙara.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata zafin hannunta da kaifin bakinta, ya yalwata mata makwanci. Akwai ranar da za a tara mu duka a fili ɗaya, ba kati ba kwamiti, a riƙa kiran kowa da sunansa ya taso shi kaɗai. Ya Allah, in aka kira nata, kada ka bar ta ta yi tafiyar nan shiru.